Ɗahiru Mai Feshi da Ɗiyarsa Yasira

Duk wanda ya taɓa sayen albasa a bakin ruwan Warra ya san Ɗahiru, ko da bai san sunansa ba. Dogon mutum ne baƙi, kafaɗarsa ta hagu ta ɗan rankwafa saboda shekarun da ya yi yana goya tankin feshi. Ni ta hanyar 'yarsa Yasira na san shi, domin ni na koyar da ita a firamare daga aji huɗu har ta fita. Daga baya muka zama abokan hira a gindin mangwaron ƙofar gidansa, kuma a can ya ba ni wannan labari, yau kaɗan gobe kaɗan. Ita ma Yasira ta cike mini wasu wuraren da ya manta.

An haifi Ɗahiru a ɗaya daga cikin gidajen da aka gina wa mutanen da ruwan Kainji ya tasa daga tsohon mazauninsu. Ubansa masunci ne, kakansa ma haka, amma shi ruwa bai karɓe shi ba. Da ya shiga kwalekwale sai jiri, sai amai. Bayan an gwada shi sau da yawa, uban ya haƙura ya bar masa fadama. Can ya samu kansa. Idan ruwa ya ja baya da rani, yakan bi danshi ya dasa albasa, ya yi mata ban ruwa, ya yi mata feshi. Da mutane suka ga ƙwari ba sa cin gonarsa sai suka riƙa kiransa ya yi musu. Haka ya zama Ɗahiru mai feshi. A wancan lokaci da hannu yake dama magani a bokiti, ba safa ba takunkumi, rigarsa jiƙe sharkaf a baya, ga taba a baki. Kowa haka yake yi, ba wanda ya ga abin magana.

Yana da shekara ashirin da biyar ya auri Indo, 'yar Shanga, mace mai sanyin magana wadda ta iya bandar kifi. Sun so juna, kuma har yau in ka zauna da su minti biyar za ka gane. Sai dai shekarunsu huɗu na farko sun zo da nauyi. Sau uku Indo tana samun ciki, sau uku yana zubewa kafin ya kai wata uku.

Mahaifiyar Ɗahiru, Inna Dudu, tana gidan tare da su. Ba muguwar mace ba ce. Ita ke dafa wa Indo ruwan zafi, ita ke dama mata kunu bayan kowane ɓari. Amma bakinta bai iya ɓoye abin da ke ranta ba.

"Mararta ce ba ta riƙo," haka take faɗa wa duk wadda ta zo dubiya, Indo na kwance tana ji.

Ta kawo saiwoyi, ta kawo rubutu, ta kawo wani ɓawon itace daga wajen Kambari. Indo ta shanye duk abin da aka ba ta. Shi kuwa Ɗahiru ba a taɓa ba shi ko cokali guda ba. Ya ce mini bai taɓa kawo wa ransa cewa namiji ma yana da abin dubawa a irin wannan ba. A saninsa, tunda ciki na shiga, shi ya gama nasa.

Ciki na huɗu ya zauna. Aka haifi mace 'yar ƙarama, bayan hannuwanta da ƙafafunta a kumbure, wuyanta gajere da 'yar fata a gefe. Ungozoma ta juya ta, ta sake juyawa, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin irin wannan kumburi ba, amma yarinya tana tsotso, a bar wa Allah. Kumburin ya saɓe cikin watanni. Aka sa mata Yasira. Indo, da yake Yasira ce 'yarta ta fari, ba ta kama sunanta, sai dai ta ce "wagga yarinya". Ɗahiru kuwa Hajiya yake ce mata tun tana zanen goyo. Bayan shekara huɗu aka haifi ƙanwarta Hajara, daga nan haihuwa ta tsaya.

A ajina Yasira ce mafi gajarta, kuma ita ce mafi baki. Karatun Hausa da na Turanci ba mai kamo ta. Lissafi ne ke ba ta wahala, musamman in an zo zane-zane da awo. Kunne yana yawan yi mata ciwo, don haka na ajiye ta a bencin gaba. Yara sun gwada yi mata ba'a a farkon zuwa, amma duk wanda ya tsokane ta sai ta ba shi amsar da za a yi mako ana masa dariya. Nan da nan suka bari.

Tana shekara goma sha biyu Hajara ta kere ta tsawo. Tana sha shida, sa'o'inta duk sun zama 'yan mata, ita kuwa jikinta na nan kamar na 'yar shekara goma, ba ƙirji, ba al'ada. Mata suka fara magana a bakin rijiya. Inna Dudu ta tuna cewa Indo tana da wata gwaggo gajera a Shanga, ta ce ai ga inda aka kwaso.

Yasira ce da kanta ta ɗauki matakin. Wata safiyar Asabar ta kai wa ubanta fura a gona, ta tsaya har ya sauke tanki ya wanke hannu. Sannan ta ce:

"Baba, ka kai ni asibiti."

"Ina ke miki ciwo, Hajiya?"

"Ba inda ke mini ciwo. So nike in san abin da ke gare ni. Na gaji da jin shi a bakin mutanen da ba su sani ba."

Ɗahiru ya ce mini furar nan bai iya shanye ta ba. Ranar Litinin suka shiga mota zuwa Yelwa. Likitan da ya gan su ya auna tsawonta, ya duba wuyanta da gwiwar hannunta, ya yi 'yan tambayoyi, sannan ya rubuta musu takarda zuwa wani babban asibiti a Sakkwato. A can suka haɗu da Dakta Christiana, wata 'yar Zuru mai furfura a goshi, wadda Hausa ke bakinta kamar tasu. Ta sa aka ɗebi jinin Yasira aka aika da shi wani ɗakin gwaji a kudu, ta ce su dawo bayan mako shida, kuma su zo da uwar.

Ranar da suka koma su uku, likitar ta jawo kujerarta ta zauna kusa da su, ta ɗauki farar takarda da biro.

"Malam Ɗahiru, jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani," in ji ta. "A cikin kowace ƙwaya akwai wasu zaruruwa arba'in da shida, su ke ɗauke da duk bayanin yadda mutum zai kasance. Ashirin da uku daga ƙwan uwa suke zuwa, ashirin da uku daga maniyyin uba. Biyu-biyu suke tafiya."

Ta zana su a jere, ta kewaye biyun ƙarshe.

"Waɗannan biyun su ke raba mace da namiji. Uwa kullum iri ɗaya take bayarwa, ana ce masa X. Uba kuwa wani lokaci X yake bayarwa, a samu mace, wani lokaci ya ba da wani da ake ce wa Y, a samu namiji. Ita Yasira X ɗaya gare ta. Abokin tafiyarsa bai zo ba. Shi ya sa ba ta yi tsawo ba, shi ya sa jikinta bai fara aikin mata ba."

Ta faɗi sunan abin da Turanci, Ɗahiru bai riƙe ba. Idonsa na kan gurbin da ta bari babu komai.

"Likita, na wa ne bai zo ba? Nawa ko nata?"

"Wannan gwajin bai nuna ba. Amma abin da masu bincike suka gano shi ne, a wajen yara kamar uku cikin huɗu, wanda ya rage na uwa ne. Na uba ne ke ɓacewa. Ka ji ni da kyau, ba laifin kowa ba ne. Yakan faru ga mai lafiya ƙalau, ba wanda ya zaɓa."

Ɗahiru ya waiwaya ya dubi matarsa. Indo ta ja gyale ta rufe fuska. Ya ɗauka kuka take, da ta buɗe sai ya ga hawaye ne da murmushi tare.

Sai ya ba likitar labarin ɓarin nan uku, wanda ba a ma tambaye shi ba. Ta ce ɓari yana da dalilai da yawa, wasu daga wajen mace, wasu daga wajen namiji, wasu kuma ba a san su ba. Ta ce maniyyi yana iya kasancewa da yawa, yana motsi lafiya, ciki ya shiga, amma bayanin da ke cikinsa ya kakkarye, sai cikin ya kasa ɗorewa. Ta tambaye shi aikinsa. Da ya faɗa mata yadda yake dama magani da yadda yake shan taba, sai ta ajiye biro.

"To a gwada ni," in ji Ɗahiru.

"Ba dole ba ne, Malam. Ba zai canza maganin Yasira ba."

"Na sani. Wagga mata ta sha ɗaci shekara huɗu ba ta ce uffan ba. Ni ma a duba ni."

Ya ce mini bai taɓa jin kunya irin ta ranar da aka miƙa masa 'yar kwalbar da zai zuba maniyyinsa aka nuna masa ɗaki ba. Har ya kai ƙofa ya juyo, sai ya hango Indo da Yasira zaune a benci, ya koma ya shiga ɗakin. Da sakamako ya fito bayan wasu makonni, an ga da yawa daga cikin ƙwayoyin maniyyinsa bayanin cikinsu ya lalace. Likitar ta gaya masa gaskiya, ba ta ƙara gishiri ba. Ta ce ba za ta iya rantsuwa cewa feshi ne ya jawo ba, ko da yake an ga alaƙa tsakanin irin waɗannan magunguna da taba da irin wannan lahani. Ba za ta kuma iya cewa haka abin yake shekara goma sha shida da suka wuce ba. Amma ta ce ya bar taba, ya rufe jikinsa in zai yi aiki, don lafiyarsa gaba ɗaya.

Abu mafi wuya a wancan zama na su uku shi ne tambayar Yasira. Ta bari manya suka gama, sannan ta ce:

"Likita, zan haihu?"

"Da wuya ƙwarai, 'yata. Ba zan ruɗe ki ba. Amma akwai ƙwayoyin da za ki riƙa sha, jikinki zai zama na mace, ƙashinki zai yi ƙarfi. Za ki yi karatu, za ki yi aiki, za ki yi aure in kin so." Sannan ta ƙara da cewa, "Kin san wani abu? Cikin da ya zo da X ɗaya, a cikin ɗari da ƙyar ɗaya ko biyu ke kaiwa haihuwa. Ke kin kai."

A mota Yasira ta kifa kai a cinyar uwarta tana kuka tun daga Sakkwato har Jega. A Jega direba ya tsaya salla, Ɗahiru ya sayo mata tsire da ruwan sanyi. Ta ci, ta share ido, ta ce a ba ta takardar da likita ta zana. Ta ninke ta ta sa a jaka. Kafin su kai Koko ta fara yi wa wata tsohuwa da ke kusa da ita hira.

Saura Inna Dudu. Washegari da hantsi Ɗahiru ya same ta a tabarmarta tana ɓare gyaɗa, ya durƙusa ya gaishe ta.

"Inna, munka dawo."

"Mi suka ce? Gadon Shanga ne ko?"

"A'a, Inna. Sun ce galibi daga wajen uba abin ke zuwa. Ɓarin nan ma, mai yiwuwa daga gare ni ne. Na ce su gwada ni."

Tsohuwa ta tsaya da ɓarar gyaɗa.

"Kai Ɗahiru, ka san abin da kake hwaɗi? Namiji da ɓari? Kai ka ɗauki cikin?"

"Ban ɗauka ba, Inna. Amma rabin ɗa daga uba yake. In rabin nan ya zo da rauni, mi uwa za ta yi?"

"Zancen asibiti," in ji ta, ta ci gaba da aikinta.

Bai ja da ita ba. Kwana uku ba ta sake ta da maganar ba. Rana ta huɗu Indo ta fito daga wajen banda, idonta jajur da hayaƙi, sai Inna Dudu ta matsa gefe a kan tabarma, ta buga wurin da tafin hannu.

"Indo, zo ki zauna nan ki huta. Hajara ta ƙarasa kifin."

A shekara ashirin da Indo ta yi a gidan ba ta taɓa zama a kan wannan tabarma ba. Daga ranar tsohuwa ba ta sake ambaton gwaggon Shanga ba har Allah ya yi mata rasuwa shekara biyu da suka wuce.

Ɗahiru ya bar taba da wahala. Goro ya maye gurbinta, har haƙoransa suka yi ja. Ya sayi takalmin roba mai tsawo, da safar hannu, da takunkumi, ya riƙa dama magani da sanda, ya daina feshi in iska na kaɗowa ta fuskarsa. Kayan aikin ma a bukkar gona yake barinsu, ya yi wanka kafin ya shiga gida. Abokan aikinsa suka sa masa Likitan Albasa. Bai damu ba. Duk wanda ya tambaye shi dalili sai ya faɗa masa tiryan-tiryan, har da 'yar kwalbar. Wasu su yi dariya, wasu su kau da kai don kunya. Amma wata rana wani manomi mai suna Surajo, wanda matarsa ta yi ɓari biyu, ya bi shi har kan kunyar gona, ya yi ta zancen tsadar taki, sai da za su rabu ya tambaye shi wace mota ake shiga zuwa asibitin.

Yasira ta fara shan ƙwayoyinta. An duba zuciyarta da ƙodarta, aka ce lafiya, sai dai ta riƙa zuwa ana dubawa. Tsawo bai ƙaru sosai ba, domin lokacinsa ya kusa wucewa, amma cikin shekara biyu jikinta ya cika. Ta gama sakandare, ta yi kwalejin horon malamai, yanzu ita ke riƙe da aji biyu a makarantar da na yi ritaya. Wasu ɗalibanta sun kusa kamo ta tsawo, amma in ta ɗaga murya har ajin maƙwabta yake yin tsit.

Manema sun zo. Na farko, tun a zuwa na biyu ta gaya masa cewa da wuya ta haihu. Ya yi godiya, bai sake dawowa ba. Ta yi kwana biyu ba walwala, sannan ta ce gara haka. Yanzu akwai wani malamin asibiti mai suna Auwal, shi ma ta gaya masa, kuma wata takwas ke nan yana zuwa. Ɗahiru ya ce shi ba ya sa baki, nasa addu'a.

Hajara kuwa ta yi aure a Yelwa, kuma watan jiya ta haifi 'yarta ta uku, duka mata. Labari ya iso Warra cewa mijinta Musa, mai gyaran injin jirgin ruwa, ya shiga ya leƙa jaririya ya fita abinsa, kuma yana ta cewa a gidan su Hajara ba a haihuwar maza. Ɗahiru ya sa babbar riga, ya ce in raka shi.

Muka samu Musa a rumfarsa a bakin ruwa, hannu duk baƙin mai. Ya tashi da sauri ya durƙusa.

"Baba, sannu da zuwa. Da ka aiko ai sai in zo."

"Zauna, Musa. Barka da arziki. Na ji ranka bai yi daɗi ba."

Musa ya sunkuyar da kai. Ɗahiru ya tsuguna, babbar riga da komai, ya ɗauki tsinke ya share yashi da hannu. Ya zana X a gefe guda ya ce wannan na Hajara ne, kullum shi take bayarwa, ba ta da wani. A ɗaya gefen ya zana X da Y, ya ce waɗannan na Musa ne.

"In wanga ya tafi, mace. In wanga ya tafi, namiji. Kai ma ba kai ke zaɓe ba, Allah ke zaɓe. Amma daga wajenka yake fitowa. To ina laifin ɗiyata?"

Musa ya daɗe yana kallon yashin. Ya dube ni, na gyaɗa masa kai.

"Wato ni na kawo su duka ukun?"

"Kai ka kawo su. Kuma ka gode wa Allah sun zo cikakku, da lafiyarsu."

Musa ya yi wata 'yar dariya ta jin kunya, ya sosa ƙeya har ya shafa wa hularsa baƙin mai. Ya ce Baba ya yi haƙuri. Ɗahiru ya ce ba shi za a ba haƙuri ba, mai jego na gida.

Ranar suna na je. Musa ya yanka ƙaton rago, ya yi ta kai da kawowa da farantan shinkafa. Indo na cikin mata tana raba goro. Da aka yi azahar na shiga gaida mai jego, na tarar Yasira zaune a bakin gado da jaririya a hannu, manyan yaran biyu sun dafe mata kafaɗa, tana koya musu yadda ake tallafe kan jariri. Ɗahiru ya leƙo daga ƙofa ya ce mu yi sauri, motar Warra ta kusa cika, kuma yana da ban ruwa da sassafe.